Fitar zaure: Lekki ko Erin Ijesha?

Nura Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun bayan Sallah ake cewa za mu fita tare, har yau maganar tana nan a baki. Ni dai shawarata kada mu sake zuwa bakin teku mu zauna a kan tabarma muna cin tsire. A samu wurin da za a taka da ƙafa, daji da rafi da duwatsu, mutum ya hau ya sauka ya yi gumi. Wa ya san irin wannan wuri kusa da Legas?

Alhaji Bala Mile 12: Wa alaikumus salam. Nura ɗana, gumi kake nema? Zo kasuwa gobe da asuba, tirelar albasa za ta shigo daga Aliero. Ka sauke buhu goma, ni zan biya ka, ba kai za ka biya ba.

Maman Sadik: Alhaji ka fara ke nan 😂

Alhaji Bala Mile 12: Hajiya gaskiya ce. Mu da muka taso muna bin shanu cikin kwari, ƙaya na sukar mu, muka gudo birni don mu huta da daji, yanzu a ce mu cire kuɗi mu sayi tikiti mu koma daji? Wannan aikin Turawa ne da ’ya’yan masu kuɗi.

Jamila: Baba Alhaji, da girmanka, ku kun ga daji kun ƙoshi. Mu da aka haifa a Idi Araba fa? Ƙanina shekararsa 12 bai taɓa ganin ruwa mai gudu ba in ba na kwata ba. Yaya Nura, mafi kusa shi ne Lekki Conservation Centre, a kan titin Lekki zuwa Epe, daidai wajen Chevron. Hekta 78 ne na fadama da kurmi da aka killace tun 1990, ƙungiyar kare muhalli ta NCF ce ke riƙe da shi, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya kafa. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, kana tafe ruwa na ƙarƙashinka, bishiyoyi sun rufe sama. Sannan ga gadar igiya da ke ratsa saman bishiyoyi, tsawonta mita 401, inda ta fi tashi kuma ta kai mita 22 da rabi. Ita ake cewa ta fi kowace irinta tsawo a Afirka.

Garba Ɗan Jos: Na san wurin. Yana da kyau, ban musa ba. Amma ƙanwata wannan ba shi Nura ke nema ba. Ya ce duwatsu, ya ce hawa da sauka. A Lekki ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ma sosai, katako ne shimfiɗe, tsohuwa da sanda za ta gama shi. Wanda ya taɓa hawa tsaunukan Shere ko ya gangara Assop ba zai kira wannan tattaki ba.

Jamila: To ai Legas ba Filato ba ce Yaya Garba. Ƙasar nan yashi ce da laka da ruwa ya tara a bakin teku, shimfiɗe take. Kwazazzabon dutse sai inda akwai dutse mai tauri da gangare, ruwa ya daɗe yana cin sa har ya yanka hanya. Irin wannan dutsen sai ka nausa arewa, daga wajen Abeokuta da Ibadan yake fara fitowa. Duk wanda ya ce zai nuna maka kwazazzabon dutse a Ajah ko Ikorodu, ramin masu ɗibar yashi zai kai ka.

Garba Ɗan Jos: Shi ya sa na ce a fita daga jihar. Erin Ijesha, jihar Osun. Ruwan Olumirin. Hawa bakwai ne, ruwa na zubowa daga wannan ya faɗa wancan, tsakanin bangon dutse biyu, kurmi ya lulluɓe ko'ina. Daga ƙofa akwai matakalar siminti da za ta kai ka hawa na farko. Kafin ka ga ruwan za ka fara jin ƙararsa, sai iska mai sanyi ta bugo ka, rigarka ta fara jiƙewa da feshi alhali ba ka shiga ba. Yawancin mutane a na farko da na biyu suke tsayawa, su yi wanka su yi hoto su juya. Daga nan sama kuwa babu siminti, da hannu da ƙafa ake yi, ka kama saiwar bishiya ka ja jikinka, ka nemi inda za ka sa yatsun ƙafa a jikin dutse. Can ƙarshe akwai ƙauye a saman tsaunin, Abake, ta wajen iyakar Ekiti. Mutanen ƙauyen suna saukowa da kaya a ka ta hanyar da mu muke haki a kanta.

Nura Agege: Yawwa! Wannan nake nufi. Ranar Asabar mai zuwa ya yi?

Sale Direba: Dakata tukuna Nura. Kun san nisan wurin kuwa? Legas zuwa Ibadan, Ibadan zuwa Ife, Ife zuwa Ilesha, sannan ka ɗauki hanyar Akure ka ratse. Ya haura kilomita 200. In hanya ta yi kyau awa huɗu, in cunkoson Berger da Doguwar Gada ya riƙe ka kuma sai yadda Allah ya yi. Wanda zai je ya dawo rana ɗaya, sallar asuba a tasha zai yi ta. Kuma kada ku sa ranar a ƙarshen makon farko na wata, lokacin ne manyan coci-cocin da ke kan titin Ibadan ke taronsu, motoci ba sa motsi. Ni ba na son tuƙin dare a wannan hanyar, in da ni za a je, ƙarfe uku na yamma mun juyo ko an kai hawa na bakwai ko ba a kai ba.

Maman Sadik: Ni tambayata ɗaya. Da yara za a je ko ba da yara ba? Don in fitar zaure ce, to zauren nan akwai mata akwai yara akwai masu ciwon gwiwa. In kuma fitar samari ce ku faɗa mana mu san inda dare ya yi mana.

Garba Ɗan Jos: Hajiya mata na hawa sosai. Hawa na farko da na biyu kowa zai iya.

Maman Sadik: Da wane kaya? Ka taɓa hawa dutse mai santsi da zani da hijabi har ƙasa? Ba ina cewa ba za a iya ba ne, ana iyawa, amma sai an shirya: wando mai kauri a ciki, riga zuwa gwiwa, hijabi gajere wanda reshe ba zai kama ba. Kuma wurin wankan nan a cakuɗe yake maza da mata, ba kowace ce za ta sake ba. Ku maza in kuna tsara abu sai ku tsara wa kanku, daga baya ku ce mata ba sa son fita.

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum. Na ga ana ta yi. Alhaji Bala, fita don ganin halittar Allah ba aikin Turawa ba ne, a Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fari halitta. Abin lura dai sallah da sutura. Tafiyar Osun ta kai a yi ƙasaru, ta Lekki ba ta kai ba. Maganar Hajiya kuma gaskiya ce, a ware lokaci ko gefe, mata su samu sakewa.

Alhaji Bala Mile 12: Allah gafarta Malam, na ji aya, ba ni da ta cewa. Amma tunda an dage sai an je wajen ruwa, bari in faɗi abin da na sani, don ruwa na san shi. Wane wata muke ciki? Yuli. Tsakiyar damina. Nura na cewa Asabar mai zuwa.

Ku tambayi mutanenmu na Kara da Isheri da Agiliti. Shekarun da ake sako ruwan madatsar Oyan, can sama da Abeokuta, rana tsaka, sama tas babu ko gajimare, sai ka ga kogin Ogun ya fara hawa. Na tsaya da idona a Kara na ga turken da aka ɗaure shanu da safe a busasshiyar ƙasa, kafin la'asar ruwa ya kai gwiwar shanun, yara na ta kwance igiya suna kora su kan titi. Ba a yi ko yayyafi a wurin ba ranar. Ruwan wani gari ne ya zo ya same mu. To wannan kogi ne mai faɗi, yana ba ka awanni. Kwari mai matsatsi tsakanin duwatsu ba ya ba ka awanni. A garinmu mun rasa makiyaya a haka, yaro na tsakiyar rafi da awaki, hadari ya zuba a bayan tsauni inda bai gani ba.

Jamila: Wallahi Baba Alhaji ya faɗi abin da ake koya mana a aji, har ya fi malamin iya bayani. Duk ruwan da ya sauka a kan tsauni, dutse ba ya shan sa, gangarowa yake ya taru a hanya ɗaya. In hanyar ta matse, ba shi da wajen bazuwa sai dai ya tashi sama ya ƙara gudu.

Alhaji Bala Mile 12: Kuma yana da alama ga mai lura. Ruwan da ke fari sai ya fara yin ja. Sai ka ga ganye da ƙirare suna tahowa a kai. Ƙararsa ta canza ta yi nauyi. In ka ga haka kada ka tsaya ɗaukar takalmi, kada ka bi rafin ƙasa kana gudu, ba za ka tsere masa ba. Gefe za ka hau, ko'ina ne, sama dai. Kuma ruwa mai gudu in ya kai gwiwa ba a ƙetare shi, ko kai waye.

Nura Agege: Ikon Allah. Wanda ya ce ba ya zuwa shi ne ya fi mu sanin wurin.

Garba Ɗan Jos: Alhaji ya yi gaskiya a kan haɗarin, amma ku sani da damina ne ruwan ke da kyan gani. Da rani raguwa yake yi sosai. In ka je a Fabrairu ka dawo ka ce Garba ya yaudare ka fa?

Sale Direba: Akwai tsakiya ai. Nan kudu ruwa na ɗan ɗagawa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, sannan ya janye. A je a Nuwamba. Ruwa na nan da ƙarfinsa, sama ta washe, hanya ta bushe. Disamba kuma ban ba da shawara ba, titi cike yake da masu tafiya Kirsimeti, kuɗin mota ya ninka.

Garba Ɗan Jos: Nuwamba ya yi. Amma ko a Nuwamba dutsen da ke kusa da ruwa ba ya bushewa, gansakuka ce kore shar a jikinsa. Don Allah kada wanda ya zo da silifas ko takalmin fata mai sulɓin ƙasa. Kambas mai tudu-tudu a tafinsa, a gwanjon Katangowa ma ana samu da araha. Jaka ta goyo, hannu biyu a sake. Waya a leda. Kuma saukowa ta fi hawa wuya, nan ne ake faɗuwa, ƙafa ta gaji tana rawa, mutum na sauri don ya ga yamma ta yi. Ka juyo ka fuskanci dutsen ka sauko da baya, ba abin kunya ba ne. In za mu wuce hawa na biyu kuma sai da ɗan jagora daga mutanen garin, a daidaita kuɗinsa tun a ƙasa.

Ummi Obalende: Ni fa duk wannan hawa bakwai ɗin ku ya dama. A bar ni da Lekki. Amma gadar igiyar nan da Jamila ke yabo, ku ji daga bakin wadda ta hau. Faɗinta bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ta dama raga ta hagu, ƙasan kuma kana hango shi ta ƙarƙashin ƙafarka. In na gabanka ya taka sai ta yi ta lilo da kai kamar shillo. Akwai hasumiyoyi a tsakani inda ake tsayawa a huta, kuma in ka fara ba komawa baya, don akwai mutane a bayanka. Wani ƙato da ke gabana, da gemunsa da komai, tun daga hasumiya ta biyu yake salati da ƙarfi har muka sauka. Amma daga can sama za ka ga abin mamaki: kurmi kore a ƙarƙashinka, kana ɗaga ido kuma gidaje da benaye sun kewaye shi ta kowane gefe.

Jamila: Wannan shi ne abin da ya sa nake son yara su gani Anti Ummi. Yadda wurin nan yake, haka yawancin Lekki take kafin a cike fadama da yashi a yi gini. Fadamar ita ke shanye ruwan sama. An cike ta, shi ya sa yanzu in aka yi ruwan awa uku sai ka ga motoci na iyo a unguwannin masu kuɗi.

Maman Sadik: Yara ƙanana suna hawa gadar?

Ummi Obalende: A'a, akwai ƙa'idar shekaru, ƙanana a ƙasa suke tsayawa. In ana ruwa ma dakatar da hawan ake yi. Amma akwai fili babba a ciki da rumfuna, ga tafkin kifi, ga dawisu na yawo, ga kunkuru. Su Sadik ba za su gaji ba. Birai kawai za ki yi hattara da su. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba a hannu a kan hanyar katako, kuma kada a ba su, in kin ba ɗaya sai dangi su sauko. Leda mai ƙara ma suna bin ta, sun san abin da ke ciki.

Alhaji Bala Mile 12: Biri ma sai an biya kuɗi a gan shi. Duniya.

Malam Isiyaku: Akwai wanda ya yi maganar Dutsen Olumo na Abeokuta a wancan makon. Ga shi kusa, kuma akwai jirgin ƙasa.

Sale Direba: E, jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Abeokuta. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma dutse ne a tsakiyar gari, ba rafi a ciki, kogin Ogun daga sama kawai ake hango shi.

Jamila: Tarihinsa ne abin zuwa. A kogunansa Egbawa suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa, wajen 1830, garin ya kafu a gindinsa. Sai dai Malam akwai wurin bautar gargajiya a jikin dutsen, ana bi ta gabansa.

Malam Isiyaku: Wucewa ba shiga ba ce. A wuce da mutunci, ba izgili, ba kuma sa hannu a abin da suke yi. Garinsu ne.

Garba Ɗan Jos: Kada a watsa magana don Allah. Olumo daban, abin da Nura ya tambaya daban. In aka fara lissafo wurare, yanzu wani zai ce Idanre wani ya ce Ikogosi, shekara ta ƙare ba a je ko'ina ba, yadda aka yi bara.

Hamisu Alaba Rago: Ni tun ɗazu karatu nake. Abin da ba wanda ya taɓo shi ne kuɗi da lokaci. Yawancinmu nan in ba mu fita ranar ba, ba a ɗora tukunya. Asabar kuma ita ce ranar ciniki. Wanda ke da albashi ba zai gane ba. In Lahadi ce zan iya rufe shago rabin yini in je Lekki da yarana. Osun kuwa kwana da wuni ne da kuɗin mota, sai dai in ga hotuna.

Nura Agege: Gaskiya ne Yaya Hamisu. Ni ma Asabar ce ranar da aka fi kawo gyaran waya. Lahadi kuma titi ya fi sauƙi, daga Agege ka hau Gada ta Uku ka faɗa Lekki kafin masu coci su taso.

Maman Sadik: To a raba biyu mana. Lekki ranar Lahadi cikin Agusta in ruwa ya ɗaga, kowa da kowa, da yara. A je da wuri kafin rana ta yi zafi da cunkoson masu hawa gada. Kowace mace ta zo da kula ɗaya, ni zan yi dambun shinkafa, a rufe shi ruf saboda birai, mutanen Ummi. A taho da tabarmar sallah da buta, da man sauro don fadama ce. Erin Ijesha kuma Nuwamba, masu ƙarfin gwiwa, a fara tara kuɗin mota tun yanzu kaɗan-kaɗan wajen mutum ɗaya, yadda irin su Hamisu ma za su iya in sun so.

Garba Ɗan Jos: Na yarda, da sharaɗi ɗaya: wanda zai je Osun ya fara motsa jiki tun yanzu. Ka riƙa hawa gadar masu ƙafa ta Oshodi ko Ikeja kana sauka, kada ka zo hawa na uku ka zauna ka ce a kira maka mai acaɓa.

Sale Direba: Bas mai mutum 18 zan nema. In an cika ta kuɗin zai yi sauƙi. Sharaɗina na ƙarfe uku yana nan.

Alhaji Bala Mile 12: Garba, ƙasar Ijesha ɗin nan, ba nan ake noman goro ba?

Garba Ɗan Jos: Sosai Alhaji. Goro da koko, gonakinsu na nan a hanya da gindin tsaunin.

Alhaji Bala Mile 12: Mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi Agege, da kuɗin goro aka yi mini aure, amma ban taɓa tsayawa a gindin bishiyarsa ba. Sale ka ajiye mini kujerar gaba. Ba zan hau ko hawa ɗaya ba, ina ƙasa ina duba muku launin ruwa da sama, in na ce a sauko a sauko. Kuɗin tikitina kuma Nura ne zai biya tunda shi ya tayar da maganar.

Nura Agege: Na ɗauka Baba 😂 Zan kira Lekki gobe in ji kuɗin shiga na manya da na yara da na gada, in sa a nan. Mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan mutanensa kafin Juma'a.

Ummi Obalende: Ummi, mutum 3. Amma gada kam na yi ta farko na yi ta ƙarshe, ni ce mai tsaron kuloli.

Hamisu Alaba Rago: Hamisu, 4. Lekki kawai tukuna.